Asabar babu waya

Labarin nan na yadda Yahudawa masu riƙon addini ke ajiye waya ranar Asabar gaskiya ya burge ni, duk da ba addinina bane. Tun faɗuwar rana ranar Juma'a har taurari su fito ran Asabar da daddare ba tuƙi, ba girki, ba kunna lantarki, uwargida ta kunna kyandir kafin magariba iyali su zauna a ci abinci tare. Har lifta garesu mai tsayawa a kowane hawa don kar mutum ya danna maɓalli, wannan kam dabarar ta yi yawa a ganina. Jirgin saman kamfanin El Al na Isra'ila ma baya ɗaukar fasinja ranar. Amma in rai na cikin haɗari sai a ajiye dokar, likita zai tada mota ya wuce asibiti abinsa.