Hangari tsakanin Sultan da Sarkin Viyana: wa ya tambayi manomi?

Ranar 29 ga Agusta 1526 rundunar Sultan Sulaiman ta Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, ba ta Sakkwato ba) ta haɗu da rundunar Hangari a filin Mohács. Kafin faɗuwar rana an gama. Sarkin Hangari, Lajos na II, ɗan shekara 20, ya nutse a wani rafi yana gudu. Tun daga lokacin mutanen ƙasar ke jayayya a kan tambaya ɗaya: wa ya fi cutar da Hangari, Turkawan da suka zo daga kudu, ko gidan sarautar Habsburg na Ostiriya da ya ce ya zo ceto? Wasu sun ce shekara 150 na mulkin Turkawa ne suka durƙusar da ƙasar. Wasu sun ce ai wanda ya kori Baturke shi ya zauna a kujerarsa. Ni a ganina wannan gardama ta masu sarauta ce. Da za a tayar da manomin wancan zamani a tambaye shi, da sunan da zai fara ambata na ubangidansa ne, ɗan ƙasarsu mai jin yarensu.

Dalilina yana cikin abin da ya faru shekara 12 kafin Mohács. A 1514 an tara dubban talakawa da sunan yaƙin addini a kan Turkawa, aka ɗora musu wani soja mai suna György Dózsa. Lokacin aikin gona ne, masu filaye suka nemi a mayar musu da manomansu, rikici ya ɓarke, rundunar ta juya kan iyayen gidanta. Da aka murƙushe su, sai aka zaunar da Dózsa a kan kujerar ƙarfe da aka gasa a wuta, aka ɗora masa kambin ƙarfe mai zafi. A shekarar nan majalisar masu sarauta ta zartar cewa manomi ya zama ɗaurarre a gonar ubangidansa har abada, shi da zuriyarsa. Wani masanin shari'a, István Werbőczy, ya shigar da wannan cikin kundin da ya tsara, wanda ya zama madogarar shari'ar ƙasar har sama da shekara 300. Ba Baturke ya rubuta wannan doka ba, ba kuma Ba'ostiriye ba.

Bayan Mohács masu sarauta suka rabu biyu, kowane ɓangare ya naɗa sarkinsa: János Szapolyai da Ferdinand na Habsburg. Sulaiman ya yi amfani da ɓarakar ya karɓe Buda, babban birnin ƙasar, a 1541, ƙasar ta tsage uku. Arewa da yamma suka zauna hannun Habsburg, da babban birni a Pozsony, wato Bratislava ta yau. Tsakiya ta zama lardin Sultan. Gabas kuwa, Transilvaniya, ta zama masarauta mai biyan gaisuwa ga Santambul. Abin dariya, Werbőczy ɗin nan shi Sultan ya naɗa alƙalin Hangarawan Buda, bai daɗe ba ya mutu.

Yanzu a dubi ƙauyen da ya faɗo a yankin Turkawa. Manomi yana biyan jiziya ga baitulmalin Sultan, yana ba da ushirar amfanin gona ga barden Baturken da aka yanka wa ƙauyen a matsayin albashi. Za ka ce to ya rabu da tsohon ubangida, tunda wannan ya tsere arewa. Ina! Ubangidan yana can bayan iyaka yana aiko da jakadu su karɓi haƙƙinsa, coci ma tana neman nata kason. Majalisun gundumomin da Turkawa suka ci suka ci gaba da zama a gudun hijira, suna yanke hukunci a kan garuruwan da ba sa iya taka ƙafa cikinsu. Ƙauyen da ya ƙi biya, sojojin Hangari na ganuwoyin iyaka ne za su zo masa da dare, su kore dabbobi, su kama dattawa. Gaba kura, baya siyaki. Masana tarihin ƙasar sukan yabi wannan tsari, su ce shi ya hana yankin narkewa cikin daular Turkawa kamar yadda aka yi wa ƙasashen Balkan. Wataƙila haka ne. Amma wanda ya biya kuɗin wannan kishin ƙasa shi ne mai biyan haraji sau biyu a kan buhu ɗaya.

Ba wanke Turkawa nake yi ba, ko da yake na san masu kallon wasannin kwaikwayon Turkiyya a cikinmu za su so jin haka. Yaƙi ya cinye filin tsakiyar Hangari. A dogon yaƙin 1593 zuwa 1606 mahayan Tatar da ke bin rundunar Sultan sun ƙone garuruwa sun kwashi bayi, ƙauyuka masu yawa suka zama kufai har yau ba a sake zama cikinsu ba. Haka kuma gaskiya ne cewa kuɗin da ya riƙe ganuwoyin iyaka, kaso mai yawa daga Ostiriya da Bohemiya da ƙasashen Jamus ya fito. Ba don shi ba, da wuya a ce ɓangaren arewa ya tsira.

Sai dai akwai abin da labarin "duhun mulkin Baturke" ba ya iya bayyanawa. Garuruwa irin su Kecskemét da Nagykőrös da Cegléd sun zama mallakar baitulmalin Sultan kai tsaye. Suna biyan harajinsu a dunƙule, suna zaɓen shugabanninsu, suna yin shari'arsu. Mutanen ƙauyukan da suka watse can suka taru, gonakin da aka bari suka koma makiyaya, daga nan fataucin shanu ya bunƙasa. Shanu ne farare masu dogon ƙaho, waɗanda duk Bafulatanin da ya gani zai tsaya ya sake kallo. A ƙafa ake kora su zuwa Viyana da Nuremberg da Augsburg da Venis, a wasu shekaru na ƙarshen ƙarni na 16 sama da 100,000. Baturke na karɓar kuɗin fito a mashigar kogi, jami'in Habsburg na karɓar nasa a gaba, amma duk da haka an samu talakawan da suka yi arziki. Abin lura shi ne inda suka yi arzikin: inda hannun mai fili ya fi nisa da su.

Batun addini ma haka yake. Turkawa ba su matsa wa Hangarawa su musulunta ba, kaɗan ne ƙwarai suka karɓi Musulunci, kuma ba su damu da wace ɗarikar Kirista mutum ke bi ba muddin ya biya. A wannan sarari ne ɗarikun Furotesta suka yaɗu. A Transilvaniya majalisar Torda ta 1568 ta ba wa masu wa'azi 'yancin yin wa'azi bisa fahimtarsu, abin da ba a cika gani ba a Turai ta lokacin. A ɓangaren Habsburg kuwa, a 1674 an gurfanar da ɗaruruwan limaman Furotesta gaban kotu a Pozsony, kimanin 40 daga cikinsu aka tura su Naples a sayar da su bayin tuƙa jirgin ruwa. Sai a 1676 wani kwamandan ruwa na Holan, Michiel de Ruyter, ya kuɓutar da waɗanda suka rage da rai. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda Imre Thököly, jagoran 'yan tawayen Furotesta na Hangari, ya haɗa kai da Sultan a kan sarkin Habsburg, Kirista irinsa, ba.

Da aka karya Turkawa a ƙofar Viyana a 1683, aka ƙwato Buda a 1686, aka rattaba hannu kan yarjejeniyar sulhu a Karlowitz a 1699, sai masu ceto suka kawo lissafinsu. Majalisar 1687 ta amince sarautar Hangari ta zama gadon gidan Habsburg, ta kuma sarayar da 'yancin bijire wa sarki da masu sarauta ke taƙama da shi tun 1222. Aka kafa hukumar da ke cewa duk mai neman filin kakanninsa a yankin da aka ƙwato ya kawo takarda, sannan ya biya kashi 10 cikin ɗari na darajarsa a matsayin ladan makami. Wa ke da takarda bayan shekara 150 na gobara? Filaye masu yawa suka tafi hannun janar-janar da 'yan kwangilar sojan Viyana. Talaka kuma aka jibge masa sojoji a gida ya ciyar da su.

Wannan ne ya haifi tawayen Ferenc Rákóczi na II, wani babban mai sarauta na Hangari, a 1703. Manoma ne suka fara ɗaukar makami, su suka aika masa ya zo ya jagorance su, shi kuma ya yi alkawarin ɗauke wa duk wanda ya yi yaƙi nauyin ubangidansa. Shekara takwas ana gwabzawa. A sulhun Szatmár na 1711 masu sarauta suka samu afuwa, suka riƙe filayensu da gatansu. Rákóczi ya ƙi sulhun, ya mutu a gudun hijira a Tekirdağ ta Turkiyya a 1735. Manoman da suka bi shi suka koma gona yadda suka fito. A 1715 majalisa ta amince da kafa runduna ta dindindin, da sharaɗin talaka ne zai biya harajinta, shi ne kuma zai ba da ɗansa, mai sarauta ba ya biyan ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sassaucin da ya zo wa manomin Hangari bayan haka daga Viyana ya zo, kuma bisa ƙin amincewar manyan ƙasarsa. Sarauniya Mariya Teresa ta nemi majalisar 1764 ta daidaita abin da ake ɗora wa manoma, majalisa ta ƙi, sai ta daina kiranta, ta fitar da doka da kanta a 1767. Ba na jin tausayi kaɗai ya motsa ta. Manomin da ubangida ya tatse ƙarƙaf ba abin da zai rage masa na biyan harajin sarauniya. Dokar ta ƙayyade cewa mai cikakkiyar gona zai yi wa ubangidansa aikin tilas na kwana 52 a shekara idan da shanun huɗa ya zo, ko kwana 104 idan da hannunsa ne, ban da kason amfanin gona da na coci. A haka aka ci gaba da tafiya har 1848, shekarar da aka soke tsarin.