Sati Uku Ina Yawo Da Kwalaben Ruwa

Yau ma na dawo da kwalabena goma sha biyu, ko ɗaya ba a gwada ba.

Ruwan unguwannin Mabera da Gidan Igwai ne a Sakkwato, rabi na famfo da na tara ranar da ya ga dama ya zo, rabi na 'yan ga-ruwa. So nake in san alminiyam nawa ke ciki. Da alif ake kwantar da lakar ruwan Rima, mu ma a gida da ka muke jefa shi a randa, ba awo. Alif kuwa gishirin alminiyam ne, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya kuma ta ce kada ya wuce miligiram 0.2 a lita.

Ƙarfe tara na isa ɗakin gwajin. Mai kula da ɗakin na zaune ƙarƙashin fankar da ba ta motsi, yana latsa waya. Sai da na yi sallama sau biyu.

"Mi kaka so?"

"Yallaɓai, na'urar auna ƙarfe da lantarki nake son amfani da ita."

Don kada ya ɗauka aikin kwana ne, na yi masa bayani. Alminiyam ba ya yarda ya sauka kan elektrod, wato sandar na'urar da wuta ke bi, kai tsaye cikin ruwa, iskar haidurojin ke riga shi tashi, shi ya sa ake haɗa shi da rini irin alizarin ya manne, a ja wuta a karanta. 'Yan mintuna ne. Rinin ma da kuɗina na saya.

Sai lokacin ya ɗago.

"Lantarki kac ce? Ka ga wuta nan?"

"Janareta fa?"

"Ka zo da mai?"

Na ce zan saya. Ya yi hamma, ya ce makullin na wurin Oga, Oga ya tai ta'aziyya. Ta'aziyyar nan dai, tun makon jiya ake yin ta, Allah ya jiƙan mamacin.

Har na juya ya ƙara da cewa, "Ruwan ga da kakanninka sunka sha har sunka tsufa, kai za ka gano mai laifi?"

Madalla da masanin kimiyya! Ya je ya faɗa wa masu wankin ƙoda haka, waɗanda alminiyam ke taruwa a jikinsu ya taɓa ƙashi da ƙwaƙwalwa. A Camelford ta Ingila, 1988, tan 20 na alif aka zuba inda bai kamata ba, ya shiga ruwan shan gari, aka shekara da shekaru ana bincike. Mu nan gwamnati ta sayi na'ura, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, an rufa mata leda. Kuɗin mai babu, kuɗin allunan taya murna a kowane shataletale akwai. Ga madatsar Goronyo, ga mu muna bin kura da jarka cikin zafin Sakkwato.

Kwalaben na cikin firij. Firij ɗin kwana biyu bai ga wuta ba.