Kada Ka Rataye Imaninka a Jikin Madubin Hangen Nesa

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

'Yan'uwa, wani ƙanena ne ya turo min saƙonni biyu cikin dare, daga yadda ya rubuto na gane hankalinsa a tashe yake. Saƙon farko yana cewa wata aya ta Alƙur'ani ta riga masana kimiyya faɗin Babbar Fashewa, wato nazariyyarsu ta yadda halitta ta fara, wadda Turawa ke kira Big Bang, tun ƙarni 14 da suka wuce. Na biyu kuma cewa yake sabon madubin hangen nesa mai suna James Webb ya rusa wannan nazariyya gaba ɗaya. Sai ya rufe da tambayar da ta hana ni barci: "Yaya, idan nazariyyar ta rushe, ayar fa?"

Wallahi tambayar ta taɓa min zuciya, domin yaron ba shi da laifi. Mu ne muka ɗaure masa ayar Allah da igiyar binciken ɗan'adam, kullum muna nanata masa cewa ga hujjar gaskiyar Littafi, har ya ɗauka in igiyar ta tsinke, Littafin ma ya faɗi ke nan. Allah Ya tsare mu.

Bari mu fara sanin abin da masanan suke faɗa, don bai dace Musulmi ya yabi abu ko ya kushe shi alhali bai san shi ba. A 1927 wani limamin cocin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaitre, wanda kuma gwani ne a lissafi, ya fitar da cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. A 1929 Edwin Hubble, yana aiki da babban madubin da ke kan dutsen Wilson a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna cewa gungun taurari suna nisanta daga gare mu, kuma gwargwadon nisan gungu gwargwadon saurin gudunsa. To idan komai yana nisantar juna a yau, jiya ya fi kusa ke nan, shekaranjiya ya fi haka kusa. In ka bi lissafin baya-baya, sai ka tarar da lokacin da komai yake a cure wuri guda, cikin zafi da matsi da hankali ba ya iya kwatantawa. Yanzu sun ƙiyasta wannan lokaci da shekara biliyan 13.8 da suka wuce.

Ba duka masana suka karɓa ba. Fred Hoyle na Ingila da abokan aikinsa biyu sun fito da tasu nazariyyar a 1948, cewa halitta ba ta da farko, haka take tun fil azal, sabon abu na ta ɓullowa yana cike giɓin da faɗaɗar ke bari. Hoyle ɗin nan shi ne ya fara furta sunan Big Bang a wani shirin rediyon BBC a 1949, alhali shi bai yarda da ita ba. An yi shekaru ana kai ruwa rana.

Abin da ya karkatar da sikeli ya zo ne ta inda ba a zata ba. A 1964 wasu masana biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki da wata ƙatuwar eriya mai siffar ƙaho a jihar New Jersey. Duk inda suka juya ta sai su ji wani ɗan shuuu da ya ƙi gushewa, dare da rana, rani da damina. Suka binciki wayoyi, ba su ga matsala ba. Suka leƙa cikin eriyar sai ga tantabaru sun yi sheƙa, sun ɓata ta da kashi. Suka kore su, suka kankare, suka goge tas, ƙarar tana nan daram. Ashe sauran ɗumin farkon halitta ne suke ji, wanda ya cika sararin samaniya ta kowace fuska, ya huce har ya koma digiri 2.7 kacal a saman sanyin da babu sanyi a bayansa. An riga an yi hasashen za a same shi idan nazariyyar gaskiya ce, aka kuwa same shi. Suka karɓi kyautar Nobel a 1978. Shi kuwa Hoyle har ya koma ga Mahaliccinsa a 2001 bai sauka daga ra'ayinsa ba.

Na kawo wannan dalla-dalla ne saboda ɗan'uwan da yake buɗe baki ya ce duk tatsuniyar kafirai ce. Ka ji tsoron Allah, ɗan'uwa. Mutanen nan awo suka yi, suka sake awo, wasu suka zo suka bincike su. Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne a kansu. Wannan aya ta hau kan mai ƙaryata abin da bai karanta ba kamar yadda ta hau kan mai gaskata abin da bai tantance ba. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi faɗa mai zafi da 'yan falsafa masu cewa duniya ba ta da farko. Amma shi ɗin dai ya ja kunnen masu musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, ya nuna cewa cutarwar mai kare Shari'a ba ta hanyar da ta dace ba ta fi ta mai sukarta. Dalilinsa a fili yake: wanda ya iya lissafin husufi, ya ga ya auku daidai lokacin da ya faɗa, in ka ce masa addini ya musanta hakan, ba lissafinsa zai yi wa kokwanto ba, addinin zai yi wa.

Amma ɗaya ɓangaren ya fi damu na, saboda a nan masu kyakkyawar niyya suka fi zamewa. Mukan ɗauko aya ta 30 a Suratul Anbiya'i, inda Allah Ya ce sammai da ƙasa sun kasance a haɗe sai Ya buɗe su, mu ce shi ke nan, ga Babbar Fashewa, babu wata ma'ana. Shin mun buɗe tafsiri kuwa? Imamuɗ Ɗabari ya kawo maganganun magabata a kan wannan aya. Wasu sun ce sama da ƙasa a manne suke Allah Ya raba su. Wasu sun ce sama ɗaya ce Ya mai da ita bakwai, haka ƙasa. Wasu kuma sun ce sama ba ta zubar da ruwa, ƙasa ba ta fitar da tsiro, sai Ya buɗe wannan da ruwa, Ya buɗe waccan da tsiro, kuma wannan na ƙarshe shi Ɗabari ya rinjayar, saboda ayar ta ci gaba da ambaton ruwa da rayuwa. Ban ce haramun ba ne mutum ya ga dacewa tsakanin ayar da abin da aka gano, ni kaina in na karanta aya ta 47 a Suratuz Zariyat, mai maganar gina sama da ƙarfi da yalwatawa, tsigar jikina takan tashi. Abin da nake tsoro shi ne yanke hukunci, mutum ya ce wannan ne kaɗai nufin Allah. Wa ya ba ka wannan tabbaci?

Su kansu masu nazariyyar ba su ce sun gama ba, kuma ba sa ɓoye hakan. Idan aka auna saurin faɗaɗar sarari ta hanyar ɗumin farkon nan, ana samun kusan 67. Idan aka auna ta hanyar taurari da gungun da ke kusa, sai a samu kusan 73 a ma'auni ɗaya. Shekaru ke nan ana ƙoƙarin daidaita alƙaluman biyu sun ƙi haɗuwa. Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 ya hango gungun taurari masu haske da girma tun halitta tana jaririya, fiye da yadda lissafi ya yi tsammani. Wannan bai rusa nazariyyar ba, saɓanin abin da saƙon ƙanena ya ce, sai dai ya tilasta a sake duba yadda gungun farko suka haɗu da wuri haka. Babbar magana ma ita ce, duk abin da muke gani, taurari da duniyoyi da jikinmu, kusan kashi 5 cikin 100 ne na abin da ke akwai a lissafinsu. Ragowar kashi 95 sun raɗa masa suna, duhun abu da duhun ƙarfi, amma har yau ba wanda ya san haƙiƙaninsa. Sannan lissafin yana kai su dab da farkon lamarin ne ya tsaya cak. Ainihin lokacin farawar, da abin da ya sa aka samu wani abu maimakon babu, madubi ba ya hango su. Ban kasance Na halartar da su halittar sammai da ƙasa ba, in ji Ubangiji a Suratul Kahfi, aya ta 51.

Akwai darasi ko a wajen Lemaitre. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa binciken zamani ya tabbatar da labarin halitta. Sai ga shi wanda ya kawo nazariyyar, kuma limamin coci, bai ji daɗin hakan ba, ya nemi a daina cakuɗa su. Ya san aikinsa, ya san gobe ana iya gyara shi.

Ga abin da na ce wa ƙanena. Imaninka da cewa Allah ne Mahalicci bai jira 1927 ba. Jubairu ɗan Muɗ'im, Allah Ya ƙara masa yarda, ya zo Madina yana mushriki a kan maganar fursunonin Badar, ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karanta Suratuɗ Ɗur a sallar magariba. Da ya kai inda ake tambaya, shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar, ko su suka halicci sammai da ƙasa, Jubairu ya ce zuciyarsa ta kusa tashi sama. Wannan tambaya tana nan da ƙarfinta ko shekarun halitta biliyan 13.8 ne, ko gobe an sake lissafi an samu wani adadi. Idan Allah Ya hore maka karatun taurari, ka yi shi da gaske, ka ƙware, domin Suratul Ankabut aya ta 20 ta ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. In an tambaye ka abin da awo ya nuna, ka faɗe shi yadda yake ba ƙari ba ragi. In an tambaye ka abin da ke gaba da awo, ka ce Allah ne Mafi sani, ba tare da jin kunya ba. Kuma don Allah, kafin ka tura wani saƙo mai cewa kimiyya ta tabbatar ko kimiyya ta rushe, ka tuna akwai yaro a can da zai gina aƙidarsa a kansa.

Sahabbai ma sun so sanin farkon lamarin, ba laifi ba ne. Bukhari ya ruwaito daga Imrana ɗan Husaini, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa ya ɗaure taguwarsa a bakin ƙofa ya shiga wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai ga mutanen Yaman sun zo suka ce sun zo ne su fahimci addini, su kuma tambaya game da farkon wannan al'amari. Ya ce musu Allah Ya kasance babu wani abu kafin Shi, Al'arshinSa yana kan ruwa, sannan Ya halicci sammai da ƙasa, Ya rubuta komai a cikin Littafi. Ana cikin haka wani ya zo ya ce, Imrana, taguwarka ta kwance ta tafi. Ya tashi ya bi ta, ya hango ta can nesa har kawalwalniya ta shiga tsakaninsu. Daga baya yana ba da labarin sai ya rantse da Allah, ya ce ya so a ce taguwar ta tafi abinta, shi bai tashi daga wurin ba.