Kofuna huɗu a kan rufin Armagh

Mai zagayawa da baƙi a gidan nazarin taurari na Armagh, can Arewacin Ayilan, ya nuna wasu kofuna huɗu na ƙarfe masu auna gudun iska a kan rufi, ya ce tun 1795 ake rubuta yanayin garin kullum. Sai ya tambaya ko haka ake yi a ƙasarmu. Tambayar ta yi mini ciwo.

Kofunan nan dabarar Thomas Romney Robinson ce, haifaffen Dublin a 1792, wanda ya riƙe gidan daga 1823 har rasuwarsa a 1882. Shekara 59 a kujera ɗaya. Asalin aikinsa taurari ne, a 1859 ma ya fitar da kundin matsayin taurari 5,345, amma ma'aunin iskar da ya ƙera a 1846 shi ya zaga duniya.

Abin ba wuya. Kofi huɗu, kowanne kamar rabin ƙwarya, a bakin sanduna biyu da aka gicciya, bisa sanda a tsaye. Cikin kofi ya fi bayansa kama iska, don haka ko ta ina ta buso, juyin gefe ɗaya yake yi, haƙoran ƙarfe a ƙasa suna ƙirga zagaye. Robinson ya ɗauka gudun kofi kashi ɗaya cikin uku ne na gudun iska a kowane ma'auni. Kuskure ne, lissafin yana sauyawa da girman kofi da tsawon sanda. Sannan idan iska na fizga, kofunan sun fi saurin ɗaukar gudu kan sakinsa, sai adadin ya haura gaskiya. An gano haka ne da aka yi ta gwaji.

Mu fa? Filayen jirgi irin na Kano da Yamai suna awo, ban musa ba. Amma ma'aunan makarantu, ƙurar hunturu ta shiga mazaunin sanda, ba mai ɗiga mai, ya ƙafe. Su kuwa nan Armagh yayyafi ke wanke musu kaya, kada a cika baki.

Kuma ba sani muka rasa ba. Tsoho a ƙauye yana duban Kaza da 'Ya'yanta ya san damina ta matso, ya ji iskar gabas ya ce a kwashe shanya. A ka yake riƙe da shi duka. Tambayi ruwa nawa ya sauka a gonarsa a farin 1973, zai ce maka kaɗan ne ƙwarai, har rijiyar bayan gari ta ƙafe.