Kududdufin unguwarku ina ya tafi?

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara muradu 17 da ake son cimmawa zuwa 2030. Na 11 a cikinsu magana ce kan birane: su zama wurin da kowa zai zauna lafiya, kuma su ɗore. Wasu makarantu kan ba yara wannan su haddace, ranar taro su rera da Turanci, iyaye su tafa. Ni dai ban ga ribar wannan haddar ba. Yaron Kano a riƙe hannunsa kawai a zaga da shi unguwarsu, a bar shi ya yi tambaya, darasin zai shiga.

A fara da kududdufi. A ce masa: kakanninka da ƙasa suka yi gini, daga gidajensu har badalar da ta kewaye birni, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, kimanin shekara 900 ke nan. Duk inda suka ɗebi ƙasa sai rami ya zauna. Damina na sauka, ruwan unguwa ya gangara can ya kwanta, ƙasa ta riƙa sha a hankali, rijiyoyin gidaje su samu nasu rabo. Ɗan aji uku ma zai gane wannan. Kuma shi da bakinsa zai ce, to Baba, yanzu da aka cike ramin da bola aka yanka filotai, ruwan ina zai je?

Ɗakin mamansa zai je. Ruwa bai san takardar fili ba, inda ya saba kwana nan yake nema. Wanda ya ga yadda ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, ya san abin bai tsaya kan talakan lungu ba.

Na san abin da za a ce: kududdufi gidan sauro ne, kuma yana cin yara. Gaskiya ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma maganin wannan shi ne a katange shi, a hana zuba shara, a kewaye bakinsa da bishiyoyi. Cike shi a ɗora shaguna riba ce ta mutum ɗaya, asarar kuwa unguwa guda ke kwasa duk shekara. A nan ne ma yaro ke da nasa laifin, kuma ya kamata a faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ledar ruwan da ya sha ya yar, ita da dubban 'yan uwanta ne ke toshe kwata.

Daga nan a fita bakin titi. Mun samu gadojin sama da na ƙasa, ga ta Ƙofar Nassarawa, ga ta Dangi, ban raina ba. Sai dai a tambayi yaron, wa aka yi wa su? Ya duba da kyau: yarinyar da za ta Islamiyya ta ina za ta tsallaka? Gefen da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, wani ya baje kaya, wani ya girke janareta, ɗan adaidaita sahu ya faka a kan sauran. Mai keken guragu dole ya faɗa tsakiyar motoci, makaho da ɗan jagoransa haka. Birni na kowa, idan za a faɗa da bakin yara, shi ne wanda kaka mai sanda za ta je asibiti ta dawo ba wanda ya ɗauke ta cak.

A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 1974 aka soma rufe wasu manyan tituna, yanzu kowace Lahadi daga safe zuwa azahar mota ba ta bi, sai masu keke da masu tafiya a ƙasa da yara. Kada wani ya ce mu ba za mu iya ba. Duk Hawan Daushe muna rufe titi saboda dawakai, ba wanda ya ce kasuwa ta mutu.

Bishiya kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a tsayar da shi minti biyu a rana, sannan a kai shi ƙarƙashin darbejiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dandali. Muna faɗan yaran yanzu ba su iya langa ba, ba su san 'yar gala-gala ba, kullum suna kan waya. To a ina za su yi? Filin da muka yi namu wasan, mu manya muka sayar, ko muka yi shiru aka sayar a gabanmu. Har filayen wasu makarantu an zagaye da shaguna.

Malaman firamare, don Allah ku fitar da aji sau ɗaya a zango. Su ƙirga bishiyoyin layinsu, su rubuta kwata nawa ce a toshe, su nuna inda suke tsoron tsallakawa. A kai takardar wurin mai unguwa da kansila da rubutun hannun yaran, a bar kwafi a makaranta, zango mai zuwa a sake fita a duba me aka taɓa.