Koci ba sai ya taɓa zama tauraro ba

Ana yawan cewa karatun horar da 'yan wasa a jami'a ɓata lokaci ne, wai wanda ya buga ƙwallo a babban mataki shi kaɗai ya cancanci zama koci. Maganar tana damuna, duk da akwai ƙamshin gaskiya a cikinta: tsohon ɗan wasa ya san zafin fili, kuma yara kan saurare shi da wuri.

Sai dai iya bugawa daban, iya koyarwa daban. Ɗan wasa jikinsa kaɗai ya sani, koci kuwa jikin mutum sama da 20 ne a hannunsa. Abin da ake koya a jami'a ke nan: yadda tsoka da zuciya ke karɓar atisaye, dalilin da jiki ke bukatar kwana 2 zuwa 3 kafin ya warware bayan wasa mai zafi, da yadda ake tsara nauyin horo a tsawon kaka don kada 'yan wasa su ƙare tun ba a kai ƙarshe ba. Akwai halayyar ɗan Adam, abinci, rigakafin rauni. Yaron da ƙashinsa bai gama girma ba, ba a ɗora masa horon babba, kuma sanin wannan ba ya zuwa da tsufa a fili.

José Mourinho bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Kimiyyar wasanni ya karanta a Lisbon, ya koyar a makaranta, sannan ya ci kofin zakarun Turai a matsayin kocin ƙungiyar Porto a 2004.

Digirin dai ba lasisi ba ne. Lasisin koci sai an bi kwasa-kwasan hukumomin ƙwallon ƙafa irin su CAF ta Afirka ko UEFA ta Turai, an kuma samu gogewa a aikin koci.