Inda irin bishiyar fain ke ajiye furotin

Da yawa na ɗauka cewa ƙwayar irin fain, wata bishiya mai ganye siriri kamar allura, tana tanadin furotin kamar ƙwayar masara. Ba haka ba ne. A masara, sai garin fure ya haɗu da ƙwai ma'ajiyar abinci ke samuwa. A fain kuwa, farin naman da ke kewaye da ɗan tayin daga uwa kaɗai ya fito, tun kafin haɗuwar, kuma nan ne mafi yawan furotin ke taruwa.

Tarin ba ya kankama sai tayin ya fara fitar da ganyensa na farko, lokacin da sinadarin ABA, wanda shuka ke samarwa a jikinta, ke hana shi tsirowa da wuri. Shi ya sa irin da aka tsinko ɗanye kan ba da tsiro mai rauni, don rumbunsa bai cika ba.